Majami'ar laka ta ƙauyen Tolpuddle: wa ke da tarihinta, coci ko 'yan ƙwadago?

Rifkatu:
Salama, jama'ar zaure. Tun watan jiya na yi alkawarin ba ku labarin wata 'yar majami'a da na ziyarta, aiki ya riƙe ni. Yau dai na samu sarari. Ƙauyen sunansa Tolpuddle, a lardin Dorset, kudu maso yammacin Ingila, kamar mil bakwai daga garin Dorchester. Mutanensa 'yan ɗaruruwa ne kawai. Majami'un ɗarikar Kirista ta Metodis biyu ne a ciki. Akwai wadda aka gina wajen 1862, ita ake sujada a ciki har yau, akwai kuma tsohuwa ta 1818, ita ce ta kai ni.

Da na ganta sai da na sake duba wayata ko na yi ɓatan hanya. Ba hasumiya, ba ƙararrawa, ba ado ko kaɗan. Ɗaki ɗaya ne, bangonsa ƙasa ce aka kwaɓa da ciyawa. Na ɗora tafin hannuna a jiki, na ji sanyinta da rashin daidaitarta, wani wuri ya kumbura wani ya lotsa, irin aikin mutanen da ba magina ba ne. Bayan an daina sujada a cikinta ta yi sama da shekara ɗari tana ɗakin dabbobi da ajiyar kayan gona. Sai a 2015 wata ƙungiyar amintattu ta saye ta, aka gyara, aka sake buɗewa a 2023.

Daga cikin masu sujada a ɗakin nan ne aka samu akasarin mutum shidan da Turawa ke kira shahidan Tolpuddle. Abin da ya ɗaure min kai, ko'ina na juya a ƙauyen maganar ƙungiyar ƙwadago ake yi. Ni kuma da na tsaya a cikin ɗakin, ikilisiya na gani. Shi ne na ce bari in kawo muku.

Ɗanladi:
Yaya Rifkatu sannu da hanya. Shahidai kuma? Rataye su aka yi ko ƙona su?

Rifkatu:
Ko ɗaya, ƙanena. Babu wanda aka kashe. Hukuncin kora aka yi musu zuwa Ostareliya na shekara bakwai, a 1834. A zamanin ana ganin wanda aka kai can kamar an binne shi ne da rai, shi ya sa sunan ya bi su.

Kwamared Sani:
Malama Rifkatu, kin taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Babu ɗan ƙwadagon da ya san aikinsa da bai san mutanen nan ba: George Loveless da ƙanensa James, Thomas Standfield da ɗansa John, James Brine, James Hammett. Leburorin gona ne duka. A 1830 ana biyansu sule tara a mako. Aka rage zuwa takwas, aka sake ragewa zuwa bakwai, sannan aka ce za a mayar shida. Tura ta kai bango, sai a ƙarshen 1833 suka kafa ƙungiyar taimakon juna ta leburorin gona. Gwamnati ta kama su saboda ƙungiyar ƙwadago haramun ce a lokacin. Da girmamawa, yunwa ce ta haɗa su. Da babu coci a ƙauyen ma da sun tashi.

Malam Habu:
Kwamared, gyara kaɗan. Ƙungiyar ba haramun ba ce. An soke dokokin da suka hana ma'aikata haɗa kai tun 1824, shekara goma kafin kamun. Shi ya sa sai da aka yi ta laluben abin da za a rataya musu. James Frampton, babban mai ƙasa kuma majistare a yankin, shi ya rubuta wa ministan cikin gida, Lord Melbourne, yana neman shawara. Aka tono wata doka ta 1797 da ta hana rantsuwar asiri, wadda asalinta an yi ta ne saboda boren sojojin ruwa na wannan shekarar. Ranar 22 ga Fabrairu 1834 aka manna takardar gargaɗi a ƙauyen, ranar 24 da sassafe aka kama su. Kwana biyu kacal tsakani. Laifin da aka kai kotu shi ne rantsuwa, ba ƙungiya ba.

Kwamared Sani:
Na karɓi gyara, Malam. Amma ai hujjata ta ƙara ƙarfi. In an rasa abin da za a kama talaka da shi, ƙirƙira ake yi.

Baba Ishaya:
'Ya'yana, sannunku. Na daɗe ina karanta zauren nan ban cika magana ba, yatsuna ba su da sauri. Amma wannan gonata ce, na yi shekaru ina wa'azin sa kai a Metodis, ku yi haƙuri in yi tsawo.

Kwamared, ka ce yunwa. Gaskiya ne. Amma yunwar nan ba a Tolpuddle kaɗai take ba, duk kudancin Ingila tana nan. A 1830 leburori sun tashi a larduna da yawa, suna ƙona tarin ciyawa, suna farfasa injinan sussuka. An rataye wasu, an kori ɗaruruwa zuwa Ostareliya, kuma yau ba wanda ke yi musu biki. Mutanen Tolpuddle ba su ƙona komai ba. Zama suka yi suka rubuta dokoki, suka sa kuɗin shiga sule guda da kwabo guda duk mako, suka naɗa masu riƙe littafi. Tambayata gare ka: a ina leburan gona na 1833 ya koyi wannan?

Bari in faɗa maka yadda ƙaramar ikilisiyar Metodis take tafiya. Ba ta da rabaran nata. Ana haɗa majami'u da yawa a da'ira guda, rabaran ɗaya ko biyu suna zagayawa, wani ƙauyen sai ya yi makonni bai ga fuskarsu ba. Sauran ranakun Lahadi masu wa'azi na gida ne ke tsayawa: manomi, maƙeri, baduku. Ana buga jadawali, kowa ya ga sunansa da ƙauyen da zai je, ya tafi da ƙafa ya dawo da ƙafa, ba a biyansa ko anini. George Loveless ɗaya ne daga cikinsu, a da'irar Weymouth. Mai riƙe garma ne ranar Litinin, mai riƙe Littafi Mai Tsarki a gaban jama'a ranar Lahadi.

Sannan akwai aji. Wannan ya samo asali a Bristol a 1742. John Wesley, wanda ya kafa Metodis, ya gina ɗakin taronsa na farko a can a 1739, bashi ya yi masa katutu. Wani mutum da ake kira Kyaftin Foy ya ba da shawara a raba jama'a kashi-kashi, kamar mutum goma sha biyu, kowa ya ba da kwabo guda a mako, shugaban kashin ya bi ya karɓa, wanda ba shi da shi shugaban ya biya masa. Da aka fara sai aka ga mai karɓar kwabon nan yana sanin wa ke ciwo, wa ya koma shan giya, wa ke rigima da matarsa. Sai Wesley ya mai da shi tsari. Duk wata uku ana ba ɗan aji ɗan kati mai ayar Littafi a jiki, shaidar yana nan daram. To ka duba: 'yan mutane kaɗan, taro duk mako, kwabo duk mako, littafin suna, shugaba daga cikinsu. Ka cire waƙa da addu'a, me ya rage in ba reshen ƙungiyarka ba?

Kwamared Sani:
Baba, na durƙusa. Ban taɓa jin zancen kwabon nan ba. Amma ina da tambaya mai ɗaci, ka yafe min tun kafin in yi. In coci ce ta raine su, ina cocin take ranar da aka sa musu sarƙa?

Baba Ishaya:
Yi tambayarka, ɗana, ba ka yi laifi ba. Amsar ba ta da daɗi. Manyan Metodis na lokacin sun yi kunnen uwar shegu. Babban taron shekara bai tsaya musu ba. Wanda ke juya al'amura a zamanin shi ne Jabez Bunting, ya shugabanci taron har sau huɗu, 1820, 1828, 1836 da 1844. Burinsa gwamnati ta ɗauki Metodis a matsayin masu biyayya, ba 'yan tada zaune tsaye ba. A cikin wannan shekarar ta 1834 ma sun dakatar da wani rabaran, Joseph Rayner Stephens, saboda yana goyon bayan a raba Cocin Ingila da gwamnati, har ya fice. Mutanen da ke wannan tunani ba za su buɗe baki saboda leburori shida na wani ƙauye ba. Ina jin kunyar abin har yau, kamar ina wurin.

Sai dai ka bambanta. Akwai cocin da ke Landan mai riguna da takardu, akwai ɗakin ƙasan da Rifkatu ta taɓa. Sunansu ɗaya, amma ba wanda ya san zafin wani.

Malam Habu:
Baba ya yi adalci. In ƙara da cewa zama ɗan Metodis a ƙauye irin wannan shi kansa ganganci ne. Mai gonar da kake wa aiki, mai gidan da kake haya, majistaren da zai yi maka shari'a, da limamin Cocin Ingila, duk tebur ɗaya suke ci. Ka ƙi zuwa cocinsu ka tafi ɗakin ƙasa ka saurari lebura irinka, ai ka nuna musu kana da kai. Doka ta yarda, tun 1689 ana iya yin rajistar ɗakin sujada na waɗanda ba sa bin Cocin Ingila. Amma yardar doka daban, yardar maigida daban. Tun 1810 ake taruwa a wani gida a ƙauyen kafin a yi ginin. Ranar da aka buɗe majami'ar, a Oktoba 1818, gungun mutane suka taru a waje, da masu sujada suka fito aka bi su da jifa, duwatsu da taɓo.

Shi George Loveless a ɗan littafin da ya rubuta bayan dawowarsa ya ba da labarin limamin ƙauyen, Dokta Warren, wanda ya tsaya shaida lokacin da manoma suka yi alkawarin ƙarin albashi, daga baya da suka karya alkawari ya musanta cewa ya taɓa faɗin wani abu. Daga bakin George muka ji, amma ya nuna irin zaman da ake yi.

Ɗanladi:
To ni rantsuwar nan nake son ji. Wace irin rantsuwa ce har shekara bakwai?

Rifkatu:
A gidan Thomas Standfield aka yi, a ɗakin sama. Ana ɗaure wa sabon shiga idanu, ya durƙusa, a karanta masa wasu kalmomi, a buɗe idonsa ya ga zanen ƙwarangwal, ya sumbaci Littafi Mai Tsarki ya yi alkawarin ba zai tona asirin ƙungiya ba. Ɗaya daga cikin waɗanda aka rantsar, Edward Legg, shi ya ba da shaida a kansu.

Ɗanladi:
Ƙwarangwal! Baba, mai wa'azi da zanen ƙwarangwal? Da walakin.

Baba Ishaya:
Kai yaro, ka iya tsokana. Ba na kare shi. Da ni ne shugaban ajinsa da na ja masa kunne. Amma ba su suka ƙirƙiro ba, haka ƙungiyoyin sana'a na zamanin ke rantsar da mutane, daga wurinsu suka aro.

Malam Habu:
Kuma wannan ce ta zo ta cece su, abin dariya. Masu kare su a majalisa suka ce to, ƙungiyar Orange ta 'yan Furotesta ma rantsuwar asiri take yi, kuma shugabanta shi ne Duke na Cumberland, ƙanen Sarki William na Huɗu. In doka ɗaya ce, sai a ɗaure ɗan sarauta a sa shi a jirgi. Nan aka rasa ta cewa. Ga kuma matsin jama'a: ranar 21 ga Afrilu 1834 dubban ma'aikata suka yi jerin gwano daga filin Copenhagen a Landan, takardun koke kuma suka tara sa hannu wajen 800,000. A Maris 1836, lokacin Lord John Russell ne ministan cikin gida, aka yi musu afuwa gaba ɗaya.

Shari'ar kanta kuwa an gama ta tun kafin a shiga kotu. Shugaban kwamitin da ya tantance tuhumar, William Ponsonby, surukin Melbourne ne, kuma Frampton da kansa yana cikin kwamitin. Alƙali John Williams da zai yanke hukunci ya nuna cewa don ya zama izina ga wasu ne. George ya miƙa takarda a kotu, abin da ke ciki a taƙaice: ba mu cuci kowa ba a jikinsa ko dukiyarsa ko mutuncinsa, mun haɗa kai ne don kada yunwa ta kashe mu da matanmu da 'ya'yanmu.

Mama Saratu:
Tun ɗazu nake karantawa ina jira wani ya ambaci mace, shiru. Maza shida, maza shida. To waɗanda aka bari fa?

Ku zauna ku lissafa da ni. Matar Thomas Standfield sunanta Diana, kuma ita 'yar gidan Loveless ce, 'yar'uwar George da James. A safiya ɗaya aka tafi da mijinta, da ɗanta John, da 'yan'uwanta biyu. Mutum huɗu cikin shida nata ne. Ga yara ƙanana a gida. Da matan suka je neman tallafin da ake ba matalauta, majistarorin suka hana, wai tunda mazansu na da kuɗin biyan ƙungiya ai ba sa cikin buƙata. Ma'aikata daga wasu garuruwa ne suka riƙa tara kuɗi suna aiko musu.

Ku yi tunanin Lahadin farko bayan kamun. Ikilisiyar da duka-duka 'yan gidaje ne, an ɗebe masu wa'azinta. Duk wanda aka gani yana shiga ƙofar nan, manomi ya san shi, kuma manomin ne ke ɗaukar aiki. Wa ya share ɗakin? Wa ya ɗaga waƙa? Ni na yi shekaru a zumuntar mata, na san amsar a kowace ƙaramar ikilisiya a duniya. A 1912 aka gina baka ta dutse a gaban sabuwar majami'a don karrama mazan. Madalla. Ta Diana fa?

Rifkatu:
Mama, kin faɗi abin da na kasa faɗa. Na tsaya a gaban bakar nan. Arthur Henderson ne ya buɗe ta, jigo a jam'iyyar Labour kuma shi ma mai wa'azin Metodis. Daga nan na taka zuwa tsohon ɗakin, na ga wajen da aka yi wa ginin gyare-gyare don ya dace da dabbobi, sai jikina ya yi sanyi.

Kwamared Sani:
Mama, Allah ya ƙara girma. Wannan laifin namu ne mu duka, mu ma tutocinmu maza ne a jiki.

Amma Baba, ban sauka ba tukuna. Ba dukansu ne 'yan Metodis ba. Hammett ba ya ciki. Kuma wa ya riƙe sunansu? Haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙwadago ta Birtaniya ce ta gina gidaje shida a ƙauyen a 1934, cikar shekara ɗari, don tsofaffin ma'aikatan gona, kowane gida da sunan ɗaya daga cikinsu. Coci kuwa ta bar ɗakinta ya zama garke.

Baba Ishaya:
Akalla huɗu daga cikinsu 'yan ɗakin nan ne, Loveless biyu da Standfield biyu, ba na ƙara ko ɗaya don in ci gardama. Brine daga baya ya auri Elizabeth, 'yar Thomas Standfield, ya shiga dangin.

Maganar garke kuma, a nan zan saɓa da kai har da 'yata Rifkatu. Mu ba ma ɗaukar gini da tsarki irin yadda wasu ke yi. Wesley ya fita fili ya yi wa'azi, a gaban masu haƙar kwal kusa da Bristol, a 1739. An taɓa hana shi mumbari a Epworth, garin da aka haife shi, ya hau kan kabarin mahaifinsa ya yi wa'azi. Ƙananan ikilisiyoyi da yawa a ɗakin girki suka fara, suka koma rumbu, suka yi ɗan gini, ginin ya tsufa suka yi wani. Abin da zan duba ba ɗakin da aka bari ba ne. An kwashe shugabanninsu a 1834, amma kafin shekara talatin ta cika akwai isassun mutane a ƙauyen da suka iya tara kuɗi suka gina sabuwa. Wasu sun riƙe wutar a tsakani. Kwabo-kwabo aka yi wannan ginin ma.

Rifkatu:
Baba, na ji, amma ban yarda duka ba. Da ba a ceto ɗakin nan ba, da abin da baƙo zai gani kawai shi ne gidan tarihi na ƙungiya da bishiyar da ake cewa a ƙarƙashinta suke taruwa a dandalin ƙauye. Ni kaina na san labarin shahidan tun kafin in je, amma ban san masu sujada ba ne sai da na shiga ɗakin na ga ƙanƙantarsa. Gani ya kori ji.

Baba Ishaya:
To, 'yata, kin ci rabi.

Ɗanladi:
Bayan afuwar sun dawo ƙauyen sun ci gaba da cocin?

Malam Habu:
A'a, kuma nan ne labarin ya fi ba ni mamaki. An raba su tun daga farko. George ya kamu da rashin lafiya a kurkuku, saboda haka biyar suka riga shi tafiya, aka kai su Sydney, shi kuma aka kai shi tsibirin da ake kira Tasmaniya yanzu. A tsohuwar jarida ya tsinci labarin afuwarsa. Ya iso Ingila a 1837, huɗu suka biyo a 1838, Hammett sai 1839. Kwamitin da ke tallafa musu a Landan ya kama musu hayar gonaki a lardin Essex, wajen Greensted. Can ma ba su yi shiru ba, suka shiga fafutukar neman a ba kowane namiji ƙuri'a, limamin wurin ya riƙa sukarsu a kan mumbari, masu ƙasa suka tsane su. Daga 1844 sai biyar suka kwashe iyalansu suka yi Kanada, yankin wani gari da shi ma ake kira Landan, a Ontario.

A can suka yi shawarar rufe bakinsu game da abin da ya wuce. Yaran da aka haifa a Kanada sun girma ba su san iyayensu sun taɓa sa sarƙa ba.

Baba Ishaya:
Kwamared, ka lura da wannan. A Kanada George bai kafa ƙungiya ba, gonarsa yake nomawa. Amma ya sa hannu aka gina majami'ar Metodis a wani wuri da ake kira Siloam, kuma a maƙabartar wurin aka binne shi a 1874. Labarin kotu ya ɓoye, ajinsa da waƙarsa bai ɓoye ba. Ka ga abin da mutumin ya ɗauka a matsayin nasa.

Kwamared Sani:
Ko kuma na ga mutumin da aka wahalar har ya gaji, Baba. Wanda ya sha sarƙa, ya sha gudun hijira sau biyu, in ya yi shiru ba za a ce ya canja ra'ayi ba. Mai gona ne yanzu, ba lebura ba, wa zai yi wa yajin aiki?

Malam Habu:
Ku biyun kuna jan mutum ɗaya, kowa ya riƙe hannu guda. Ni abin da na fi riƙewa shi ne Hammett. Shi ne bare a cikinsu, ba ɗan Metodis ba, kuma shi kaɗai ya koma Tolpuddle ya zauna, yana aikin gini. Labarin da danginsa suka riƙe shi ne ba ya ma wurin rantsuwar, ɗan'uwansa John ne yake wurin, matar John kuma na da ciki, sai ya yi shiru ya karɓi hukuncin. Ya makance da tsufa, ya shiga gidan gajiyayyu na Dorchester, ya mutu a 1891. An binne shi a harabar Cocin Ingila na ƙauyen. Yana raye aka daina sujada a tsohon ɗakin, yana raye aka gina sabon, duk a gaban idonsa.

Mama Saratu:
Allah sarki. Wannan ko bai riƙe katin aji ba, ya san abin da ke rubuce a jiki.

Ɗanladi:
Mama ta ba shi baftisma bayan shekara ɗari da talatin.

Mama Saratu:
Ɗanladi, zan aiko a ja min kunnenka.

Rifkatu:
Kafin a ja kunnen, ga wanda yake son zuwa: ana bikin tunawa da su duk watan Yuli. Ƙungiyoyi na zuwa da tutoci da makaɗa, ana jerin gwano a titin ƙauyen ranar Lahadi, ana ajiye furanni a kabarin Hammett, kuma ana sujada a majami'ar Metodis a ranar. Ni dai na je ne a lokacin da ba kowa, kuma na fi son haka. Na zauna ni kaɗai a tsohon ɗakin wajen rabin awa, ba abin da nake ji sai motoci jefi-jefi a titi.

Kwamared Sani:
In Allah ya nufa na taka ƙasar, ranar tutoci zan je. Baba, ka ga inda za ka same ni.

Baba Ishaya:
Ka gama jerin gwanonka, ɗana, ka zo ka tsaya ko a bakin ƙofa ne ka ji waƙa. Rifkatu, kin ɗauki hoton bangon daga ciki? Turo min ta waya, idona ba ya ganin ƙananan hotunan zauren nan. Ina son in ga ko akwai alamar inda mumbarin yake.

Rifkatu:
Akwai guda uku, Baba, ɗaya ya ɗan yi duhu. Bari in sauka daga aiki in turo.